Samari Da Siyasa A Zamanin Intanet: Hukuncin Mai Yaɗa Labari

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da Alayensa da Sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata gardama da ta daɗe tsakanin dattawa da samari a ƙasar nan. Dattawa suna cewa yaran zamani sun rasa kunya, kowa ya riƙe waya a hannu yana zagin shugabanni da malamai. Samari kuwa suna cewa an cinye rabonsu, sa'an nan kuma ana so su yi shiru. To, ina shari'a ta tsaya?

Da farko dai mai karatu ya sani, Musulunci bai taɓa hana saurayi sa baki cikin al'amuran jama'a saboda ƙuruciyarsa ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya naɗa Usamatu ɗan Zaidu shugaban runduna alhali bai cika shekara 20 ba, a cikin rundunar kuwa har da manya irin su Sayyidina Umar, kuma da wasu suka yi gunaguni Annabi bai janye naɗin ba. A nan ƙasar Hausa ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, yana da kamar shekara 20 ya fara wa'azi, ɗansa Muhammadu Bello kuwa yana da kamar 23 lokacin hijira zuwa Gudu a 1804. Saboda haka sa'ad da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan doka ran 31 ga watan Mayu, 2018, wadda ta rage shekarun takarar Shugaban Ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai kuma daga 30 zuwa 25, babu wani abin da ya saɓa wa addini a ciki. Hasali ma nasiha ga shugabanni tana cikin abin da hadisin Tamimud Dari ya kira addini, kuma faɗin gaskiya a gaban azzalumin mai mulki an ƙidaya shi cikin mafificin jihadi.

Abin da yake sabo shi ne hanyar. A da, wanda zai isar da magana ga dubban mutane sai ya hau mumbari, ko ya shiga gidan rediyo, ko ya aika wa jarida, kuma a kowane ɗaya akwai mai tambayarsa inda ya samo. Yau yaro yana kwance a soro zai danna waya, kafin a sallame La'asar maganarsa ta kai Maraɗi da Kumasi. Watau kowane mai waya ya zama mai ruwaya, shari'a kuwa tana da hukunci mai tsanani a kan mai ruwaya.

A cikin Suratul Hujurati, aya ta 6, Allah Ya umurci muminai da su binciki labarin da fasiƙi ya zo da shi, don kada su cuci wasu mutane cikin rashin sani su wayi gari suna nadama. Masu tafsiri da yawa sun ce ayar ta sauka ne a kan Walidu ɗan Uƙubatu, wanda aka aika karɓar zakka wurin Banu Musɗaliƙ. Da ya hango sun fito taryensa sai tsoro ya kama shi, ya juyo ya ce sun hana zakka, har suna neman ransa. Saura kaɗan a kai wa Musulmi yaƙi a kan maganar mutum ɗaya. Akwai wani abin lura ga ɗalibin Larabci a nan. A ƙira'ar Warshu da ake karantawa a makarantun allo, kalmar umurnin daga "tabayyun" ta fito, watau neman abu ya bayyana. A ƙira'ar Hamza da Kisa'i kuwa daga "tasabbut" ta fito, watau tsayawa cik ba tare da gaggawa ba. Duka biyun Alƙur'ani ne, duka biyun kuma ana bukatarsu, domin wanda bai tsaya ba yaushe zai duba?

Ayar da ta fi dacewa da wannan zamani kuwa ita ce ta 83 a Suratun Nisa'i, inda Allah Ya zargi waɗanda da zarar labarin aminci ko na tsoro ya zo musu sai su watsa shi, maimakon su mayar da shi ga Manzo da ma'abota al'amari, don masu iya tono gaskiyarsa su san ta. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wata rana ji-ta-ji-ta ta cika Madina wai Annabi ya saki matansa, mutane suka taru a masallaci cikin baƙin ciki. Sayyidina Umar bai ƙara ko kalma a kai ba, sai ya tafi ya tambayi Annabi da kansa, aka ce masa babu saki, sa'an nan ya tsaya a ƙofar masallaci ya ɗaga murya ya sanar. Kalmar da ayar ta yi amfani da ita ga masu tono gaskiya daga "istimbaɗi" take, asalinta kuwa a Larabci shi ne haƙa rijiya har a cim ma ruwan farko. Mai haƙa rijiya ya san saman ƙasa ba ya nuna abin da ke ƙarƙashi, sai an sha rana.

Kada a ɗauka wannan tsoratarwa ce kawai ta malamai. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Jihar Filato, an yi ta yaɗa hotunan gawawwaki a Facebook ana cewa na waɗanda aka kashe ne a ƙauyuka. Aka tare hanya aka kashe matafiya da ba su ji ba ba su gani ba, daga baya binciken da BBC ta yi ya nuna wasu hotunan ba ma a Nijeriya aka ɗauke su ba. Wanda ya tura hoton daga ɗakinsa bai riƙe adda ba, amma ina zai kai rabonsa na jinin? A ƙarshen wannan shekarar dai, sai da Shugaban Ƙasa ya fito da bakinsa a ƙasar Folan ya musanta cewa ya mutu an sauya shi da wani Jibrin daga Sudan, maganar da ko yaron goye ya kamata ya yi wa dariya, amma har masu digiri suka yi ta turawa.

Duk da haka zalunci ne a ce wayar sharri kaɗai take kawowa. Ran 1 ga watan Agusta, 2024, samari suka fito zanga-zanga a kan tsadar rayuwa da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a 2023, kuma ta intanet aka yi gangamin. A Kano abin ya rikiɗe, aka fasa wurare aka kwashi dukiya, aka rasa rayuka, gwamnati ta sa dokar hana fita. Wannan ɓarna ce, babu malamin da zai halatta ta. Amma a watan Nuwamba, da aka gurfanar da waɗanda aka kama a wata kotu a Abuja, cikinsu har da ƙananan yara, wasu suka yanke jiki suka faɗi, hotunan da aka yaɗa ne suka girgiza ƙasa har Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurni a sake su. Wannan labari gaskiya ne, yaɗa shi kuma taimakon wanda aka zalunta ne. Mayar da labari ga ma'abota al'amari ba ya nufin rufe baki a kan ɓarnar da ta tabbata. Su ma shugabanni akwai nasu nauyin, domin inda hukuma take ɓoye gaskiya nan ji-ta-ji-ta take yin ƙiba, kuma rufe Twitter da aka yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 bai rufe bakin kowa ba.

Wani ciwon da ya kamata a taɓo shi ne na samarin da 'yan siyasa suke ɗauka haya. A da sojojin baka a gidajen rediyo suke, yanzu sun koma cikin waya, ana saya musu data su yabi maigida su ci mutuncin abokin hamayyarsa. Wanda ya ce an gina asibitin da ba a gina ba, ko ya jingina wa mutum satar da bai tabbatar ba, shaidar zur ya yi, ita kuwa Annabi ya lissafa ta cikin mafi girman kaba'irai tare da shirka da saɓa wa iyaye. Kuɗin da ya karɓa a kai haram ne. Shaidar da ake nema daga gare shi da gaske tana wurin akwatin zaɓe, ga shi kuwa a 2023 mutane fiye da miliyan 93 suka yi rajista, kusan kashi 40 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 35, amma waɗanda suka jefa ƙuri'ar Shugaban Ƙasa ba su cika miliyan 25 ba.

Saura tambayar wanda ya riga ya yaɗa ƙarya, sa'an nan ya gano. Goge saƙon a ɓoye bai wadatar ba, domin haƙƙin ɗan Adam ne ya shiga ciki. Suratul Baƙara, aya ta 160, ta haɗa tuba da gyara da kuma bayyanawa. Saboda haka sai ya koma dandalin da ya yi maganar, a gaban mutanen da suka karanta ta, ya faɗa ƙarara cewa abin da ya tura ba gaskiya ba ne, kana ya nemi yafewar wanda ya ɓata wa suna idan zai iya kaiwa gare shi. Idan kuwa maganar tasa ta jawo asarar dukiya ko ta rai, to, wannan mas'ala ce ta alƙali, za a kawo bayaninta a wannan fili mako mai zuwa in Allah Ya yarda.