Ba a Zaɓen Sifirin ɗin Bawul da Matsawar Hannu

A cikin injin mota kamshaf ne yake buɗe bawul, amma rufe shi aikin sifirin ne, kuma nauyin wannan aiki yana ƙaruwa gwargwadon saurin juyin inji. Injin Honda B16A, wanda ya fito a 1989 da tsarin VTEC, yana kai juyi 8,000 a minti, kuma tun da kamshaf rabin juyin karanshaf yake yi, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 4,000 a minti, wato kusan sau 67 a daƙiƙa. Idan sifirin ya yi laushi, bawul yakan daina bin kamshaf ya tsaya a buɗe lokacin da fistin yake tahowa sama, abin da ake kira shawagin bawul. Wannan matsala ce ta sa Renault ya koma rufe bawul da matsattsiyar iska a injinsa na tseren Formula 1 a 1986.

Irin wannan inji ne aka jawo zuwa garejin da marubucin yake aiki, a cikin wata Civic ta wani matashi mai sha'awar gudu. Matashin ya yi odar kamshaf na tsere daga Amurka ta intanet, wanda yake danna bawul ƙasa fiye da na asali, kuma takardar da ta zo a kwalin ta faɗi irin sifirin ɗin da ya dace da shi da tsayin da za a ɗaura shi. Da ya ga kuɗin sifirin ɗin sai ya ce sun yi yawa, ya kai motar wurin wani mai gyara da ya tabbatar masa cewa na asali ma sun isa idan aka “ƙara musu ƙarfi”. Ƙarin ƙarfin kuwa shi ne cusa washa irin ta noti a ƙarƙashin kowane sifirin, wani biyu, wani uku, ba tare da an auna ko guda ba.

Da aka sauke tof silinda, ɓarnar ta bayyana a fili. Tsakanin zobban kowane sifirin ƙarfen ya goge yana sheƙi, alamar zobban sun daɗe suna haɗuwa da juna. Wannan shi ne cushewar sifirin, wato ya matsu har ba sauran wurin matsuwa alhali kamshaf bai gama dannawa ba, daga nan kuma ya zama dunƙulen ƙarfe. Ɗaya ya karye gida biyu, kotar da take riƙe bawul ta fita, bawul ya faɗa cikin silinda ya huda fistin, ya farfasa wurin zamansa. Hancin kamshaf ɗin da aka kashe kuɗi a kansa ya cinye, washoshin sun lotse, baƙin mai kuwa da aka tsiyaye shi cike yake da garin ƙarfe mai ƙyalli. Abin baƙin ciki shi ne takardar da ta zo da kamshaf ɗin tana cikin aljihun mota, a ninke. Ko da aka nuna wa mai motar, abin da ya dame shi shi ne ko za a iya walda fistin ɗin, domin yana da tsere a ƙarshen mako.

Kamshaf ne yake zaɓen sifirin, ba mai mota ba. Ba a gane ƙarfin sifirin da matsa shi a tafin hannu. Wanda ba shi da ma'auni kada ya taɓa tof silindar injin tsere.

Abubuwan da ake aunawa sanannu ne. Akwai tsayin ɗauri, wato tazarar da ke tsakanin mazaunin sifirin da hular da take riƙe shi idan bawul yana rufe, kuma ana auna shi bawul bayan bawul, domin ba safai goma sha shidan suke zuwa daidai ba, musamman idan an taɓa yanke wurin zaman bawul. Akwai ƙarfin sifirin a wannan tsayi da kuma ƙarfinsa idan bawul ya buɗe gaba ɗaya, waɗanda injin gwajin sifirin ne kaɗai yake nunawa. Sannan dole a bar aƙalla milimita 1.5, wato inci 0.060, kafin cushewa, a kuma tabbatar hular ba ta dukan robar da take hana mai bin sandar bawul. Idan tsayi ya zarce, ana cike shi da shim, wato siririn faifai na ƙarfe mai tauri da ake yi da kaurin inci 0.015 ko 0.030 ko 0.060. Washar noti ba shim ba ce, kuma duk abin da aka saka a ƙarƙashin sifirin yana rage masa wurin matsuwa, don haka sai an sake awo.

Wasu kuma sukan nemi sifirin mafi tauri a kasuwa da zaton ƙarfi ba ya yawa, alhali taurin da ya wuce kima yana cinye kamshaf da rokar da take danna bawul, yana kuma rage ƙarfin injin. Sifirin na gwanjo da ba a san tarihinsa ba yana iya kasancewa ya riga ya gaji ko da a ido yana da kyau, wanda kuma aka kama da filaya har ya karce, daga wurin karcen zai karye. Kafin a tayar da inji sai a juya shi da hannu zagaye biyu ana sauraro, bayan an tayar kuma a bar shi ya yi zafi kafin a taka totur. Takardar da ta zo da kamshaf a karanta ta tun kafin a sayi sifirin, kuma idan an canza sifirin ɗaya a canza sauran duka.