Daga Kano Zuwa Yankari: Darasin Ilimin Halittu a Kan Hanya

Gabatarwa

Ɗalibai da yawa na makarantun sakandare suna iya zayyana shiyyoyin tsirran Nijeriya da ka, tun daga kurmin kudu har zuwa Sahel, amma idan aka tsayar da su a gindin doka ba za su iya bambanta ta da ɗorawa ba. Wannan babban giɓi ne, domin ilimin halittu ya ginu ne a kan lura da abu mai rai a inda yake rayuwa. A Amurka, inda doka ta amince wa iyaye su koyar da 'ya'yansu a gida a dukkan jihohi 50 tun shekarar 1993, wasu iyalai sukan mayar da tafiyar hutu ta zama aji. Ba sai iyali sun cire yaro daga makaranta ba kafin su ci moriyar wannan dabara. Hausawa ma sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sai dai tafiyar ba ta buɗe komai ga wanda ya yi barci tun daga tasha har masauki. Wannan darasi zai bi hanya guda, daga Kano zuwa Jos, sannan Bauci da Yankari, a lokacin hutun Disamba, don nuna abin da ya kamata a lura da shi da kuma dalilinsa.

Shiri kafin tashi

Kayan aikin ba su da tsada: littafin rubutu, fensir, ma'aunin zafi, taswira, tsofaffin jaridu na danne ganye, da robar ruwa wadda ba komai a cikinta. Sai a raba aiki. Wani yaro ya riƙa rubuta zafin iska da lokacin da aka auna, wani ya riƙa ƙirga irin itatuwan da aka wuce, wani kuma ya lura da amfanin gona da dabbobi. Duk inda aka tsaya a rubuta sunan gari da nisan da aka ci. Masana muhalli suna yin irin wannan aiki: sukan ja layi a ƙasa su bi shi suna rubuta yadda halittu ke sauyawa. A nan titin mota shi ne layin.

Zango na farko: ƙasar kuka da gawo

Kano tana cikin shiyyar da ake kira sabanar Sudan, inda ruwan sama yake kai milimita 800 zuwa 900 a shekara, kuma kusan dukkansa yana sauka ne cikin wata huɗu. Duk itacen da zai rayu a nan dole ya san yadda zai yi da dogon rani. A watan Disamba kuka tana tsaye ba ganye. Ta zubar da shi ne domin ta ganye itace yake asarar ruwa, sannan tana da ajiyar ruwa a cikin ƙaton jikinta.

Gawo kuwa akasin haka yake yi. Da rani yake kore shar, da damina kuma ya kaɗe ganyensa. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai har ta cim ma ruwan da sauran tsirrai ba sa kai gare shi. Wannan hali ne ya sa manomi ba ya sare gawo a gonarsa. Da damina ba ya yi wa gero da dawa inuwa, ganyen da ya zubar ya zama taki, kuma da yake dangin wake ne, akwai ƙwayoyin bakteriya a saiwarsa masu ɗauko sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin tsiro. Da rani kuma 'ya'yansa abinci ne ga awaki da tumaki.

Idan aka ci karo da garken shanu, a dubi tsuntsaye biyu. Balbela tana bin shanun a ƙasa tana cin ƙwarin da ƙafafunsu suka tayar. Ta ƙaru, saniya kuwa ba ta ƙaru ba, ba ta kuma ragu ba. Carki yana hawa bayan saniya yana cin kaska, ko da yake yakan tsattsagi gyambonta ma. A saman wasu itatuwa kuma za a ga kauci, wanda yake zuƙar ruwa da sinadarai daga jikin itacen da ya hau. Ire-iren zaman tare da ake haddacewa a aji ke nan a fili.

Zango na biyu: dajin doka

Bayan an wuce Tudun Wada, hanya tana ratsa dajin Falgore. A nan itatuwa sun fi tsayi da yawa, ciyawa irin su gamba ta fi kauri, kuma doka da maje da kaɗanya sun fara rinjaye. An shiga sabanar Gini ta arewa. Dalilin sauyin shi ne iskar da ke kawo ruwa tana tasowa ne daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, don haka duk wanda ya nausa kudu yana shiga inda damina ta fi tsawo.

A wannan shiyya gobarar daji tana cikin abubuwan da ke tsara rayuwar tsirrai. Ɓawon kaɗanya yana da kauri da tsage-tsage, yana kare naman itacen daga wuta. Doka kuma ko an ƙone ta ko an sare ta takan sake tofowa daga saiwa, sabon ganyenta ja-ja. Saboda matsalar tsaro da wannan daji ya sha fama da ita, wajibi ne a bincika halin da hanya take ciki kafin a tashi, a bi ta da rana, kuma a yi kallon ta taga ba tare da tsayawa ba.

Zango na uku: hawa tsaunin Jos

Daga Saminaka zuwa Jos mota tana ta hawa. Kano tana kan tudun da ya kusa mita 500 daga doron teku, Jos kuwa kimanin mita 1,200. A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos. Ɗalibi zai iya lissafa cewa bambancin mita 700 zai ba da kusan digiri huɗu da rabi, sannan ya gwada lissafinsa da abin da ma'auni ya nuna. Sai dai a kula: awon safiya a Kano ba za a kwatanta shi da na azahar a Jos ba, dole lokacin ya zama ɗaya.

Wannan sanyi ne ya sa dankalin Turawa yake yi sosai a Filato, alhali a Kano sai da sanyin hunturu da ban-ruwa. Masanin nan na Jamus, Alexander von Humboldt, ya lura da irin wannan a shekarar 1802 lokacin da ya hau dutsen Chimborazo a ƙasar Ekwado ta yau. Ya ga tsirrai suna sauyawa daga gindin dutse zuwa samansa kamar yadda suke sauyawa ga mai tafiya daga ƙasashe masu zafi zuwa masu sanyi.

A ƙauyukan Filato za a ga shingen ƙyarana kewaye da gonaki. Jikinta mai kauri ne mai ajiye ruwa, ga ƙaya, kamar kaktus na Amurka, amma ba danginsu ɗaya ba. Matsala iri ɗaya ce ta sa suka yi kama. Kada yara su taɓa farin ruwanta, domin yana yi wa ido lahani. Kafin a bar Jos a toshe robar nan da kyau. Idan aka gangara Bauci, wadda take kan kimanin mita 600, za a ga robar ta ɗan lotsa, saboda nauyin iska ya ƙaru a waje.

Zango na huɗu: Yankari

Gandun dajin Yankari yana kudu maso gabas da Bauci, kuma faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauci a 2006. Da rani dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji saboda ruwa, shi ya sa ganinsu ya fi sauƙi a lokacin. Akwai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mugun dawa, dorina da gwaggon biri, da tsuntsaye fiye da iri 350. Giwayen Yankari suna cikin manyan garkunan da suka rage a Nijeriya, kuma farautar haure ta rage su ƙwarai.

Ko ba a ga giwa ba, kashinta da sawunta da rassan da ta karya shaida ce da mai nazari zai rubuta. A cikin kashin akan ga ƙwallayen 'ya'yan itace, alamar cewa giwa tana yaɗa iri. Ruwan Wikki kuwa yana fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗumin kusan digiri 31 dare da rana, domin ya fito ne daga zurfin da zafin ƙasa yake ɗumama shi. Kada a bai wa birai abinci, kuma a bi umarnin ma'aikatan gandun.

Kammalawa

Idan an dawo gida, aikin bai ƙare ba. A zana jadawali mai nuna gari, tsayinsa daga teku, zafinsa, itatuwansa da amfanin gonarsa, sannan kowane yaro ya bayyana dalilin bambancin da ya gani. Wanda ba shi da halin zuwa Yankari bai yi asara ba, domin tafiyar Salla zuwa ƙauye a motar haya ma layin bincike ce. A tambayi kakanni irin itatuwa da namun dajin da suka sani a ƙuruciyarsu waɗanda yanzu babu su, a rubuta. Malamai kuma suna iya bai wa ɗalibai wannan aiki kafin hutu.

Tambayoyi

1. Me ya sa manomi yake barin gawo a gonarsa?
2. Gari yana kan mita 300, wani yana kan mita 1,300. Wane bambancin zafi ake sa ran samu?
3. Me zai faru da robar da aka toshe a Bauci idan aka hau da ita Jos?