Darasi Na Goma Sha Huɗu: Juyen Baƙin Mai a Sabuwar Mota

Garin Disina yana cikin Ƙaramar Hukumar Shira ta Jihar Bauchi, a ƙarƙashin Masarautar Katagum wadda fadarta take Azare. Motar da take zirga-zirga tsakanin Disina da Yana da Azare tana shan wahala iri uku a shekara. Da hunturu ƙura ce, da bazara zafi ne wanda yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, da damina kuma ruwa ne da taɓo. Duk wahalar nan a kan inji take ƙarewa, inji kuwa ba shi da mai kare shi kamar baƙin mai. A wannan darasi za ka koyi aikin baƙin mai, da lokacin da ya kamata a juye shi a sabuwar mota mai ƙarfin gudu, da yadda ake yin juyen. Ka lura da kalmomin sana'ar kanikanci yayin da kake karantawa, domin za ka ci karo da su a kowace tasha ta ƙasar Hausa.

Aikin baƙin mai

Mu fara da sunan. Sabon man inji ba baƙi ba ne, launinsa ya fi kama da na zuma. Sai ya yi aiki ya kwashi dauɗa yake yin baƙi, amma Hausawa suna kiransa baƙin mai ko da yana cikin galan ba a buɗe ba, don su bambanta shi da fetur da gas.

A cikin inji akwai ƙarafa masu gogar juna sau dubbai a kowane minti. Fistin yana hawa yana sauka, karanshaf yana juyawa. Da a ce ƙarfe zai taɓa ƙarfe kai tsaye, da cikin 'yan mintuna sun yi zafi sun cije. Baƙin mai yana shiga tsakaninsu ya zama shimfiɗa wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma a kan wannan shimfiɗa ƙarafan suke zamewa. Bayan haka yana ɗauke zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa, yana wanke baƙin hayaƙi da ɓurɓushin ƙarfe ya kai su ga filta, yana kuma hana tsatsa. Idan mai ya gaji, ko ya yi ƙasa, sai ka ji an ce injin ya buga. Gyaran injin da ya buga yakan ninka kuɗin juye sau da yawa, musamman a sabuwar mota wadda ba a samun kayanta sai a Kano ko Legas.

Juyen farko

A nan ne ra'ayin kanikawa ya rabu. Tsofaffin masu sana'ar, waɗanda suka koyi aiki a kan Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a shekarar 1975, za su ce maka sabuwar mota ba ta wuce kilomita dubu ɗaya ba a zubar da man da ta zo da shi ba. Hujjarsu ita ce, ƙarafan sabon inji ba su gama sabawa da juna ba, suna goge wa juna kaushi, ɓurɓushin kuma yana taruwa a cikin mai. A zamaninsu wannan magana gaskiya ce ba ja.

Yau masana'antu suna sassaƙa ƙarafan inji da daidaito fiye da na da, don haka ɓurɓushin ya ragu ƙwarai. Kamfanin Honda, alal misali, yakan rubuta a littattafan motocinsa cewa kada a juye man farko kafin lokacin da aka tsara. Amma motoci masu ƙarfin gudu suna da nasu hukunci. Kamfanin BMW na Jamus ya wajabta wa motocinsa masu lambar M sabis na musamman a wajen kilomita 2,000 na farko, inda ake zubar da man da motar ta zo da shi. Ka ga ke nan babu amsa ɗaya da ta dace da kowace mota. Amsar tana cikin littafin da motar ta zo da shi, wanda mutane da yawa suke barinsa a aljihun mota cikin ledarsa har su sayar da ita. A ganina wannan littafi ya fi duk wata shawara da za a ba ka a tasha, domin wanda ya ƙera injin ne ya rubuta shi.

Akwai kuma batun garanti, wato alkawarin da kamfani yake yi na gyara motar kyauta idan ta lalace cikin wani lokaci. Wanda ya zuba man da bai dace ba, ko ya tsallake sabis, ko ya kasa nuna rasit, yana iya rasa wannan alkawari. Saboda haka mai sabuwar mota a Disina zai fi samun kwanciyar hankali idan ya kai ta wurin dillalin da ya sayar masa don juyen farko, ko da tafiyar ta kai shi Kano.

Karanta jikin galan

Ɗauki galan ɗin mai ka duba. Za ka ga rubutu kamar 20W-50 ko 5W-30 ko 0W-20. Wannan ma'aunin kauri ne wanda ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ta tsara. Lambar da take gaban harafin W tana nuna yadda man yake gudana idan inji yana da sanyi, harafin kuwa farkon kalmar Ingilishi ce mai nufin lokacin sanyi. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa idan ya yi zafi, ana auna ta a digiri 100. Ƙaramar lamba tana nufin mai tsinke ne, babba kuma mai kauri.

Yawancin direbobinmu sun saba da 20W-50, kuma sun yi imani cewa kauri shi ne ƙarfi. Sukan ɗiga mai tsakanin yatsu biyu, idan ya yi danƙo su ce ya yi kyau. Wannan ganin kitse ne ake yi wa rogo. Hanyoyin da mai yake bi a cikin injin zamani siriri ne, kuma wasu sassansa da matsin mai suke aiki. Idan aka zuba mai kauri a injin da aka ƙera don 0W-20, man zai makara kafin ya isa saman inji da safe, a daidai lokacin da ƙarafa suka fi cin juna. Injin da yake da turbo ya fi kowane shiga haɗari, domin sandar turbo tana juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti ɗaya cikin zafin hayaƙi, kuma baƙin mai ne yake tallafe da ita. Irin wannan inji yana bukatar man da aka harhaɗa ta hanyar kimiyya, wanda kanikawa suke kira sintetik, domin ya fi jure zafi. Wasu littattafan suna ba da izinin ƙara kauri kaɗan a ƙasashe masu zafi. Idan naka ya ba da izini, to. Idan bai bayar ba, kada ka ba kanka.

Za ka kuma ga haruffan API tare da wasu biyu, kamar SL ko SN ko SP. Suna nuna darajar man. SN ta fito a 2010, SP kuma a 2020, kuma duk harafin da ya fi nisa a jerin abacada ya fi sabunta.

Sai matsalar jabu. A kasuwanninmu akwai kamfanoni sanannu masu haɗa mai, irin su TotalEnergies da Mobil, da Ammasco na Kano. Akwai kuma masu tsintar tsofaffin galan su cika su da gurɓataccen mai su liƙe. Hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki a Nijeriya, takan kama irin wannan kaya. Ka sayi mai a gidan mai ko shagon da ka amince da shi, ka duba hatimin marfi, ka guji na awo da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya, wanda ƙura take shiga tun kafin ya shiga inji. Araha ba ta ado.

Yadda ake juyen

Ka tanadi man da ya dace, da sabuwar filta, da sabuwar washa, da sifana, da mazurari, da tsumma, da faffaɗan kwanon tara tsohon mai. Ƙananan motoci da yawa suna shan lita 4 zuwa 5, manyan injuna kuwa suna iya kai lita 8 ko fiye.

A tayar da mota na 'yan mintuna don man ya yi ɗumi ya tsinke, sannan a kashe. A ajiye ta a wuri mai daidaito, a ja birkin hannu. Gareji mai rami ya fi. Idan da jak za a ɗaga ta, to lallai a sa mata madogara mai ƙarfi, domin jak yana iya zamewa, ballantana a ƙasa mai rairayi irin ta yankin Katagum. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita.

A buɗe marfin mai na sama, a tara kwano, a kwance notin da yake ƙasan tukunyar mai. A bar shi ya tsiyaye kamar minti goma. A mayar da notin da sabuwar washa, a ɗaure shi daidai. Yaran gareji suna son nuna ƙarfi a nan, alhali tukunyar sababbin motoci da yawa ta alminiyam ce, kuma idan zaren notin ya cinye an jawo sabon aiki. Daga nan a cire tsohuwar filta, a shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar, a ɗaura ta da hannu. Juye ba tare da sauya filta ba kamar wanka ne a mayar da riga mai datti.

A zuba mai ƙasa kaɗan da abin da littafi ya faɗa, a rufe, a tayar da inji. Jar fitilar mai za ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. Idan ba ta mutu ba, a kashe motar nan take. A leƙa ƙasa ko akwai yoyo. Bayan an kashe an jira minti biyar, a zaro geji, a goge, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Idan ya wuce ta sama, karanshaf zai riƙa kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta raba ƙarfe da ƙarfe. Wasu sababbin motocin ba su da geji ko kaɗan, sai dai a duba awon a allon gaban direba.

Bayan juyen farko

Littattafan motoci sukan kawo jadawali biyu, na tuƙi cikin sauƙi da na tuƙi cikin wahala. Ƙura da zafi da gajerun tafiye-tafiye da barin mota a kunne tana tsaye duk suna cikin na biyu. Motar da take hawa babban titin Kano zuwa Maiduguri ta Azare kaɗai tana iya bin na farko, amma wadda take sauka titi ta shiga ƙauyukan Shira ta faɗa na biyu. Shi ya sa kanikawanmu da yawa suke tsayawa a kan kilomita 5,000 ko wata shida. Baƙin launi kaɗai ba ya nuna man ya gaji. Amma idan ka ratsa ruwa mai zurfi da damina, ka ga man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, kada ka sake tayar da motar sai an juye.

Tsohon mai kuma kada a zubar da shi a ƙasa ko a kwata. Lita ɗaya tana iya gurɓata ruwa lita miliyan ɗaya, kuma a garin da ake sha daga rijiya ake noman fadama, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Kada a shafa wa dabba don maganin ƙaiƙayi, domin yana ɗauke da guba. A zuba shi a jarka a rufe, a bai wa masu saye.

Tattaunawa

Ku karanta wannan bibbiyu a cikin aji.

Bakanike: Ranka ya daɗe, sabis za a yi?
Alhaji: Juye nake so, amma ka duba littafin tukuna.
Bakanike: An rubuta 5W-30, Alhaji. Wanda nake da shi ya fi shi kauri.
Alhaji: To, aiki yaro Azare ya nemo. Gara in jira.
Bakanike: An gama, ranka ya daɗe. Har da filta zai sayo.

Ma'anar kalmomi

Juye: zubar da tsohon mai da zuba sabo.
Geji: siririn ƙarfen da ake auna yawan mai da shi.
Tsinke: rashin kauri a abu mai ruwa.
Jabu: kayan da aka kwaikwayi na ainihi don yaudara.
Tsiyaye: zuba a hankali har ya ƙare.

Tambayoyi

1. Kawo ayyuka uku da baƙin mai yake yi a cikin inji.
2. Me ya sa tsofaffin kanikawa suke son a gaggauta juyen farko?
3. Bayyana ma'anar lambobin da suke cikin 5W-30.
4. Mene ne ma'anar karin maganar "ganin kitse ake yi wa rogo" a yadda aka yi amfani da ita a nan?
5. A sashen yadda ake juyen an yi amfani da "a" wajen ba da umarni, kamar "a buɗe marfi". Zaɓi jimloli biyar ka mayar da su umarni ga mace ɗaya, sannan ga mutane da yawa.
6. Ziyarci garejin da yake kusa da makarantarku, ka rubuto kalmomin aro guda goma da kanikawa suke amfani da su, tare da ma'anar kowace.