Tankin Mota Ma Yana Numfashi

Tun daga 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci, kuma bai daina haɗa samfurin 504, wato Fijo, ba sai a 2006. Wasu daga cikin tsofaffin a-kori-kurarsa suna nan suna jigilar rake daga Maƙarfi da Kudan, da tumatir daga Ikara. Galibi in mutum ya matsa kusa da su bayan an cika tanki, warin fetur ne ke fara yi masa maraba. Sau da yawa ba tankin ne ya huje ba, ɗan bututun numfashinsa ne ya lalace.

Fara tana shaƙar iska ta wasu ƙananan ƙofofi da ke gefen jikinta, in aka toshe su sai ta mutu. To, tanki ma yana da irin wannan ƙofa, wato wani siririn bututu da ke samansa, haɗe da tiyon roba. Yayin da famfo ke zuƙar mai zuwa kafireta, dole iska ta shiga ta cike gurbinsa. In kuma rana ta take, fetur kumbura yake yi. Alal misali, lita 50 da zafinta ya ƙaru da digiri 15 a ma'aunin Salsiyos za ta ƙaru da kusan kashi 7 cikin 10 na lita, ban da tururin da ke tashi. Shekaru da zafi da jijjigar hanya su ke sa tiyon ya bushe ya tsage, ko mahaɗarsa ta yi tsatsa.

Illar ba asarar mai ba ce kaɗai. Tururin fetur ya fi iska nauyi, saboda haka yakan kwanta ƙasa-ƙasa, kuma ko bai kai kashi 2 cikin 100 na iska ba, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Haka kuma akwai sinadarin banzin a cikinsa, wanda ke ratsa huhu ya shiga jini ya lalata ɓargo, inda ake ƙera ƙwayoyin jini. Masana sun tabbatar yana jawo sankarar jini. Yaron mota da ke kwana a ciki ya fi kowa shaƙarsa.

Wasu direbobi kan liƙa sabulu a wurin. Dabara ce ta fita daji, domin sabulu ba ya narkewa a fetur, amma ruwan kududdufin farko zai wanke shi. Abin da ya fi muni shi ne cusa tsinke a toshe bututun. Yoyo zai tsaya, amma mota za ta riƙa mutuwa a hanya, wani lokaci har tankin ya lotsa.

Ga yadda ya kamata a yi. A rage mai, a cire wayar batir, a yi aikin a fili nesa da wuta. A nemi inda ƙura ta manne ta yi baƙi, nan ne yoyon yake. A sauya tiyon da wanda aka yi musamman don fetur, ba na ruwa ba, a ɗaure shi da sabon kilif. Sannan a hura bututun da famfon keke, ba da baki ba, don zanzaro kan yi gini a bakinsa. In ƙarfen mahaɗar ne ya cinye, sai a sauke tankin, a juye man, a wanke, a cika shi da ruwa kafin mai walda ya kusance shi, domin tankin da ba mai sai tururi ya fi cikakke saurin fashewa.