Kamun Kai da Ɗorewa kan Aiki: Jan Hankali ga Manoman Shinkafa na Kwarin Rima

Kamun kai shi ne mutum ya iya hana zuciyarsa abin da take marmari a yau saboda abin da ya fi shi amfani gobe, ɗorewa kuwa ita ce maimaita aiki a kan lokacinsa, ko rai yana so ko ba ya so, har aikin ya zama jiki. Addini ya riga ya yanke magana a kan wannan, domin ya tabbata a hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da ɗan kaɗan ne. A ƙasar Kabi babu sana'ar da take gwada waɗannan halaye biyu kamar noman shinkafa a fadamun gulbin Rima, tun daga Argungu har Birnin Kebbi.

A ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, wanda aka sani da Anchor Borrowers. Tsarinsa a lokacin da yake aiki shi ne a ba ƙaramin manomi iri da taki da maganin feshi da ɗan kuɗin aiki a matsayin rance, in ya yi girbi ya biya da shanshara, wato shinkafar da ba a ɓare ba, ta hannun kamfanin da zai sarrafa ta. Ga injin Labana a Birnin Kebbi, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga kuma shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas da ta shiga kasuwa a ƙarshen 2016. Kasuwa ta samu, jari ya samu, amma abin da ya fi damun hukuma a faɗin ƙasar nan shi ne yawan waɗanda suka karɓa ba su biya ba.

Ba a musun cewa akwai masu uzuri na gaskiya, musamman waɗanda ambaliyar 2020 ta shanye gonakinsu shinkafa tana gab da nuna, kuma waɗannan tausayi ya kamace su. Maganar tana kan wanda ya karɓi buhun taki, bai ko kai shi gida ba ya karyar da shi a bakin wurin rabo a kan rabin kuɗinsa, yana cewa ai rabonsa ne na gwamnati. Da wanda ya yi girbi lafiya lau, ya faki ido da dare ya loda buhunan ya kai wata kasuwa, kuɗin kuma suka tafi ga sabon babur ko ƙarin aure ko hidimar biki. Irin wannan mutum ya cuci kansa, ya cuci 'yan ƙungiyarsu da aka rubuta sunansu tare, ya kuma toshe ƙofa ga matashin da yake jiran layi ya zo kansa. Ya kamata a gaya masa ba tare da sakaya ba cewa bashi sunansa bashi, na gwamnati ne ko na maƙwabci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa dakatawa daga sallatar gawar wanda ake bi bashi har sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin biya. Wanda ya san wannan kuma ya ci gaba da cewa kuɗin banza ne, to, ba talauci ne ya kayar da shi ba, zuciyarsa ce ta fi ƙarfinsa.

Abin mamaki shi ne darasin yana nan a ƙofar gida. Matan Fada, gulbin da ake bikin kamun kifi na Argungu tun 1934, bikin da UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016, bisa al'ada akan hana kamun kifi a cikinsa sai ranar biki. Masunci yana wucewa ta gaɓarsa safe da yamma, yana ganin ruwa yana motsi, ya san abin da yake kwance a ƙasa, gidansa kuma ba a rasa buƙatar cefane ba, amma ya kau da kai ya tafi wani ruwan, saboda umarnin Sarkin Ruwa da kunyar jama'a. Da kowa zai ce bari ya ɗan jefa homa sau ɗaya cikin dare ba wanda zai sani, da ranar biki dubban mutane sun faɗa ruwa da gorunansu sun fito da 'yan tarwaɗa. Giwan ruwan da maza da yawa ke ciccibowa a kai gaban sarki, watannin da aka yi ana danne zuciya ne suka yi kiwonsa. Buhun takin da yake jingine a ɗaki ana jiran ranar zuba shi, Matan Fada ne na manomi.

Ita kanta shinkafa ba ta karɓar uzuri. Irin da aka rena ana cire shi a dasa yana da kamar mako uku, in ya tsufa a wurin reno ba zai yi 'ya'ya da yawa ba. Kamfa tana da lokacinta, yuriya tana da nata. A noman rani kuwa injin ban ruwa ba ya jiran mai shi ya dawo daga ɗaurin aure, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowace lita sai da lissafi. In shinkafa ta fara ɗaukar madara, tsuntsaye jan-baki suna sauka tun kafin rana ta fito, wanda ya koma barci bayan sallar asuba ya noma musu ne. Saboda haka ya wajaba manomi ya tanadi ɗan littafi yana rubuta ranar shuka da ranar dashe da abin da ya kashe, in ba ya rubutun boko ya yi da ajami ko ya sa ɗansa, ranar sussuka kuma ya ware buhunan bashi da na zakka da na irin baɗi tun a masussuka, kafin ido ya saba da tarin.

Sauran abubuwan da ke cinye himma sanannu ne: daɗewa a teburin mai shayi har tsakar dare, latsa waya a Facebook da TikTok, cacar ƙwallo, da ƙwayoyin da wasu 'yan ƙwadago ke sha wai don ƙarin ƙarfi. Ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru da na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi waɗanda ba sa buɗe littafi sai jarrabawa ta ƙarato, su ma maganar ta shafe su. Masu niyyar noman rani kuwa, da ruwa ya janye daga fadama sanyi ya fara shigowa, lokacin gyaran inji da neman iri ya yi.