Darasin gida: Akurin magariya da gaton mangwaro

Bayan an gama yankan hatsi, iska ta juya, sanyi ya fara shigowa. A wannan lokaci ne magariya take nuna a dajin Tebaram da sauran ƙasar Adar. Yara suna tsinta, awaki suna tsinta. Da yawa tana zuba ƙasa, tana lalacewa a banza.

Wannan hasara ce. Magariya abinci ce. Tsofaffi ba su manta da yunwar 1973 da ta 1984 ba. Matasa sun ga ta 2005. A waɗannan shekaru rumbuna sun ƙare tun kafin damina. Ɗiyan itatuwan daji da ganyayensu sun taimaki gidaje masu yawa. Gidan da ya iya adana magariya yana da abin ba yara ranar da fura ta yi kaɗan.

Darasin yau kashi biyu ne. Na farko akuri, wanda aka gada daga kakanni. Na biyu gaton mangwaro, wanda ake gasawa cikin tukunya.

AKURI BA SABON ABU BA NE

Akuri dunƙulen garin magariya ne. Ba ya bukatar sukari, zaƙinshi daga jikinshi yake. Ba Hausawa kaɗai suka san shi ba. Abzinawa suna yin irinshi. Mutanen arewacin Kamaru ma suna yi.

A shekara ta 1796 wani Bature matafiyi mai suna Mungo Park ya ratsa ƙasashen da suke cikin Mali a yau. Ya ga mutane suna daka magariya a hankali cikin turmi. Ya ga suna dunƙula garin, suna shanya shi a rana. Ya ci, ya yaba zaƙin, ya rubuta labarin cikin littafinshi. Ke nan wannan sana'a ta fi shekara 200.

TSINTA DA SHANYA

Akuri mai kyau daga tsinta yake farawa.

A tsinci magariya wadda ta nuna, ta yi ja. Ɗanya ba ta da zaƙi, kuma ba ta ba da gari. A shimfiɗa tabarma ko buhu ƙarƙashin icce, a girgiza reshe da dogon kara. Ta haka magariya ba ta haɗuwa da ƙasa da kashin dabbobi. Kada a sare reshe don a samu ɗiyanshi. Reshen da aka sare bana ba ya ba da komi baɗi.

In an kawo ta gida, a zauna a tsince. Wadda take da ɗan rami a jiki, tsutsa ce ta shige ta. Wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna, ta ɓaci. Duka a fid da su.

A wanke sauran da ruwa mai tsabta. A baza ta bisa tabarma, a ɗora bisa runfa inda kaji da awaki ba su kai. A riƙa juyawa. Da marece a shigar da ita ɗaka. Ana gane ta bushe in an matsa ta da yatsa fatar ta fashe, ta yi ƙaras. In tana lanƙwasa kamar danƙo, da saura.

DAKA DA TANKAƊE

A nan ne gwaninta take. Magariya ba hatsi ba ce, ba a yi mata dakan ƙarfi. A cikinta akwai ƙwallo mai tauri. In ya fashe, ɓarɓashinshi yana shiga gari, yana iya karya haƙori.

A wanke turmi da taɓarya, a bari su bushe sarai. Turmi mai laima yana sa gari ya manne. A zuba magariya kaɗan kaɗan. A daka a hankali, har naman ya rabu da ƙwallo. A juye bisa faifai, a fid da ƙwallaye. A tankaɗe da rariya mai laushi. Tsakin da ya rage a mai da shi turmi, a sake dakawa.

Kada a zubar da ƙwallayen. Akwai sauran gari a jikinsu. A zuba su cikin ƙwarya da ruwan sha, a cuɗa, a tace. Ruwan yana da zaƙi. Ana dama kunu da shi, ba sai an sayi sukari ba.

TURARA

Ga kayan aiki: tukunya, madambaci, ƙananan ƙoƙuna, da ƙyalle fari mai tsabta.

1. A wanke hannu da sabulu.
2. A yayyafa ma gari ruwa kaɗan, a murza da hannu. Ba kwaɓi ake so ba. In an dunƙula shi a tafin hannu ya tsaya, ruwa ya isa.
3. A cika ƙoƙo da gari, a danna, amma ba da ƙarfi sosai ba. Tururi yana son hanyar shiga.
4. A kife ƙoƙo bisa ƙyalle, a naɗe dunƙulen.
5. A ɗora madambaci bisa tukunyar ruwa mai tafasa. A liƙe tsakaninsu da tsumma don kada tururi ya gudu.
6. A jera dunƙulen, a rufe.
7. Bayan kamar minti 15 a duba. In kalar ta ƙara duhu, ƙanshi ya tashi, dunƙule ya haɗe jikinshi, ya yi.
8. A sauke, a kwance ƙyalle, a bari ya huce.

Wanda za a ci yau ko gobe, an gama da shi. Wanda za a ajiye, sai an sake shanya shi a rana har ya yi tauri. A zuba shi cikin tulu busasshe ko gwangwani mai murfi. Laima ita ce babbar abokiyar gabar akuri. Duk wanda ya yi fumfuna, a zubar. Kada a kankare a ba yara.

Garin ma ana ajiye shi haka nan. Ana zuba cokali 2 ko 3 cikin kunun yaro ko cikin fura.

AMFANINTA GA JIKI

Magariya tana da sukari mai ba da ƙarfi. Ɗanyarta mai nuna tana da bitamin C, wanda yake kiyaye dasashi, yake taimakon rauni ya warke. Shanya da dahuwa suna rage wannan bitamin. Don haka a lokacinta yara su ci sabuwa, a ajiye busassa don gaba.

Iyaye su kula da abu uku. Jariri da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Ƙaramin yaro ba a ba shi magariya da ƙwallonta, yana iya shaƙe shi. Kuma akuri ƙari ne, ba ya maye gurbin hatsi da wake da nono.

GATON MANGWARO CIKIN TUKUNYA

In bazara ta shigo, mangwaro yana cika kasuwar Tawa da kasuwannin ƙauye. Zafi yana sa shi saurin laushi. Wanda ya yi laushi ƙwarai ba shi da mai saye, ana ba da shi da arha. In dai bai ruɓe ba, yana da aiki.

A ƙasar Amurka akwai wani ɗan itace mai zaƙi da Faransawa suke ce ma pesh. Yana son ƙasa mai sanyi, ba ya yi a Adar. Mutanen can suna yanka shi cikin tukunya, su rufe shi da kwaɓin garin alkama, su gasa. Sunan abincin kobla. Mutanensu na da, waɗanda ba su da tanderu, da tukunyar ƙarfe suke yin shi, garwashi a ƙasa, garwashi bisa murfi. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a nan. Abzinawa suna gasa tagella cikin rairayi mai zafi, su rufe ta da garwashi. Abin da pesh ya yi a can, mangwaro yana yi a nan.

Ga abin da ake bukata don mutum 8:

Mangwaro nunanne 6
Garin alkama kofi 2
Nono mai tsami kofi 1
Man shanu babban cokali 4
Sukari babban cokali 4
Ruwan kanwa tatacce babban cokali 2
Gishiri ɗan kaɗan

A wanke mangwaro, a fere, a yanka ƙanana. A shafe cikin tukunyar ƙarfe da man shanu cokali 1. A zuba mangwaro, a barbaɗa sukari cokali 2.

A cikin kwano a haɗa gari da gishiri da sauran sukari. A zuba sauran man shanu, a murza. A zuba nono, a juya. Ruwan kanwa shi ne na ƙarshe. In kanwa ta gamu da tsamin nono, kumfa tana tashi. Wannan kumfa ce take sa gato ya kumbura. Don haka kada a bar kwaɓin ya jima. Kuma kada kanwa ta yi yawa, tana sa ɗaci.

A riƙa ɗibar kwaɓi da cokali, ana ɗorawa bisa mangwaro. A bar ƴan kafofi don tururi ya fita. Kada a juya. A rufe tukunya.

Sirrin aikin yana ga wuta. Garwashi kaɗan a ƙasa, mai yawa bisa murfi. In wutar ƙasa ta yi yawa, mangwaro yana ƙonewa, kwaɓi bai gasu ba. Bayan minti 30 a kawar da garwashi, a buɗe a hankali don kada toka ta zuba. A soka tsinke mai tsabta cikin gato. In ya fito ba kwaɓi a jikinshi, kuma sama ta yi ja, ya gasu. In ba haka ba, a ƙara minti 10.

Wannan gato ba kamar akuri ba ne. Yana da ruwa, ba ya ajiyuwa cikin zafi. A cinye shi a ranar. Mangwaro yana da bitamin A, mai kiyaye ido daga dundumi.

IN BA ICCE, BA AKURI

Magariya tana jure fari. Ganyenta abincin awaki da raƙuma ne. Ƙayarta tana shinge. Amma in kowa ya sare, ba wanda ya raya, za ta ƙare.

Manomi yana iya raya ta ba da kuɗi ba. In ana sassabe, a bar kututturen da ya yi toho. A zaɓi reshe 2 ko 3 masu ƙarfi, a cire sauran. Tun shekara ta 2020 gwamnati ta kafa doka mai tabbatar ma manomi amfanin itatuwan da ya raya cikin gonarshi. Kuma tun 1975, ranar 3 ga watan Agusta ranar dashen itace ce a Nijar.

Akwai magariya mai aure, wadda ake ce ma pom di Sahel. Irinta daga Indiya ya fito. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta taimaka wajen yaɗa ta. Ana ɗaura reshenta bisa magariyar gida. Ɗiyanta manya ne, masu ruwa, ana cin su sabbi. Mai son koyon auren icce ya nemi malamin gona ko ma'aikacin gandun daji na kwamin ɗinshi.

Hausawa suka ce, don tuwon gobe ake wanke tukunya.

LISSAFI

Wannan misali ne. Kowace makaranta ta sake shi da farashin kasuwarta.

A ce wata mace ta sayi magariya tiya 3, kowace tiya dala 60. Ta sayi itacen wuta na dala 20. Ta samu akuri 60. Ta sayar da kowane dala 5.

Nawa ta kashe? Nawa ta samu? Nawa ce ribarta? In ita da ɗiyanta suka tsinto magariyar, nawa ribar za ta zama?

TAMBAYOYI

1. Don mi ba a daka magariya da ƙarfi?
2. Mi ake yi da ƙwallayen bayan daka?
3. Ina ake sa garwashi mai yawa, ƙasan tukunya ko bisa murfi?
4. Iccen magariya nawa ne cikin gonakin ƴan wannan makaranta? Kowa ya ƙirga nashi, ya rubuta, ya kawo ma malami.

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta ma matan gidansu da maƙwabta.