Sabuwar Bindigar .22 Tana Cijewa? Ga Yadda Masu Wasan Harbi Ke Gano Matsalar

 Darasinmu na yau ya ɗan kauce daga layin waya da kwamfuta, amma bai fita daga fasaha ba. A PUBG ko Free Fire bindiga ba ta cijewa, kana danna allo tana tashi. Amma duk mai kallon bidiyon masu wasan harbi na Amurka da Turai a YouTube ya san abin ba haka yake ba a zahiri. Mutum zai sayo sabuwar bindiga gal a kwali, ya harba uku lafiya, na huɗu ya maƙale. Wadda ta fi yin wannan hali kuwa ita ce ƙaramar bindigar nan mai cin harsashin .22 LR, musamman samfurin da ke ɗora wa kansa harsashi bayan kowane harbi, irin su Ruger 10/22 da ta fito a 1964 da Marlin Model 60 ta 1960.

Kafin mu shiga: a Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta haramta riƙe irin wannan bindiga ba tare da lasisi ba. Darasin nan na fahimtar yadda injin ke aiki ne, da yadda masu ita a bisa doka ke bin diddigin matsala. Tsarin binciken kuma zai yi maka amfani har a gyaran waya.

Me ya sa .22 ta fi sauran saurin cijewa?

Dalilin yana cikin harsashin kansa. Manyan harsasai suna da ɗan maɓallin kunna wuta a tsakiyar gindinsu. Shi .22 ba shi da wannan. Sinadarin da ke kunna albarushinsa ana zuba shi ne a cikin leɓen da ya zagaye gindin kwanso, sai allurar bindiga ta daki leɓen ta matse shi, wuta ta tashi. Bafaranshe Louis-Nicolas Flobert ne ya fara wannan dabara a 1845, shi kuwa .22 LR kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi a 1887. Ka ga fasaha ce da ta haura shekara 130, kuma har yau da ita ake gasar harbin mita 50 a Olamfik.

Tsufan nan ya zo da halaye uku. Leɓen ya fi jikin kwanson faɗi, don haka harsasai ba sa jeruwa sumul a magazin. Dalmar da ke kan harsashin a waje ake shafa mata kaki, kakin kuma yana bin duk inda ya taɓa. Sannan yana barin toka da yawa.

Sai babban dalilin. Wannan bindiga ba ta da makulli a bayan harsashi. Akwai wani ƙarfe mai kai da komowa a cikinta, mu kira shi sakata, wanda nauyinsa da sifirin ne kaɗai ke riƙe shi a rufe. Idan an harba, ƙarfin da ya tura dalma gaba shi ne ke tura kwanso baya, kwanson ya ture sakatar. A wannan tafiya guda sai sakata ta jawo kwanson, ta jefar da shi waje, ta ɗana guduma, ta matse sifirin. Sifirin ya dawo da ita, ta kwaso sabon harsashi daga magazin ta tura shi mazauninsa a gindin bututu. Duk wannan aiki da ƙarfin harsashin da dalmarsa ba ta wuce giram 2.6 ba. Babu rarar ƙarfi. Kamar wayar da cajinta ke kan kashi 3 ce kuma ka buɗe mata bidiyo: abu kaɗan ya isa ya kashe ta. Ɗan giris, ɗan datti, harsashi mai rauni kaɗan, sai sakata ta kasa kai ƙarshen tafiyarta.

Wannan shi ne abin da ya kamata ka riƙe a duk darasin. Yawancin sabbin bindigogin .22 da ke cijewa ba lalacewa suka yi ba, wani abu ne ke cinye ɗan ƙarfin da suke da shi.

Matakin da ba a tsallakewa

Bindigar da ta cije bindiga ce mai harsashi a ciki har sai an tabbatar ba haka ba. Baki yana kallon wurin harbi, yatsa nesa da kunama, a cire magazin, a ja sakata baya a riƙe ta, a duba mazaunin da ido. Cire magazin kaɗai ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga.

Idan an ja kunama aka ji ƙas ba ta tashi ba, a jira kamar daƙiƙa 30 kafin a buɗe, domin wani harsashin yana jinkirin tashi. Idan kuma ta tashi da wata 'yar ƙara mai rauni da ba a saba ji ba, a tsaya cak. Mai yiwuwa dalmar ta tsaya a cikin bututu, harba wani a bayanta kuwa yana iya kumbura bututun ko ya raunata mai harbi.

Fara da harsashi, ba da sukurudireba ba

Idan waya ta ƙi caji, mai hankali yakan canza waya da kan caja kafin ya kai ta a buɗe. Haka nan ma. Abu mafi arha kuma mafi yawan laifi shi ne harsashi.

Harsashin .22 LR iri-iri ne. Mai matsakaicin gudu yana fita da kusan mita 330 a daƙiƙa, ƙasa da gudun sauti kaɗan, shi ne masu gasa suka fi so saboda daidaito. Mai saurin gudu, irin CCI Mini-Mag, yana kaiwa wajen mita 375. Bambancin kamar ba yawa, amma ga sabuwar bindiga da sifirinta ke da tauri kuma sassanta ba su gama sabawa da juna ba, shi ne tsakanin sakata ta kai baya ko ta tsaya a hanya. Shi ya sa masu harkar ke ba da shawarar a fara da mai saurin gudu, mai kan dalma zagayayye, har ɗaruruwan harbi na farko su wuce. Mai rami a kai ko mai yankakken kai ya fi saurin tuntuɓe a bakin mazauni.

Harsasan da ake sayarwa a zube cikin babban kwali sun fi arha, amma ƙarfinsu ba ya zama ɗaya, wani ya fi wani. A ganina ba adalci ba ne a yanke wa sabuwar bindiga hukunci da su. A gwada iri biyu ko uku, a rubuta a waya: iri kaza, harbi nawa, cijewa nawa. Idan iri ɗaya ya tafi lafiya sauran suka ƙi, an gama bincike, bindigar lafiyarta ƙalau.

Ka lura da sharaɗin: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya canza harsashi, ya canza magazin, ya wanke bindiga duk a tare, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, kuma ranar da ta sake zai koma farko.

Man da ta zo da shi daga kamfani

Mutane da yawa suna ɗauka sabon abu tsaf yake. Man da kamfani ke shafawa na hana tsatsa ne a ajiya, mai kauri ne kuma yana danƙo. Idan ya haɗu da toka da kakin harsashi sai ya zama kamar kwalta. Don haka kafin harbin farko a bi littafin da ya zo da ita, a kwance ta iya inda littafin ya ce, a goge sakata, da cikin gidan da take gudu, da mazaunin harsashi da buroshi. Wuri biyu ake yawan mantawa: fuskar sakata inda gindin kwanso ke zama, da 'yar tsagar da ke gefen bututu inda ƙugiya ke shiga.

Mai kuwa ɗan kaɗan ake sawa, a shafa a goge. Yawan mai a .22 matsala yake jawowa. Duk wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke manne wa sarƙar babur mai yawan mai ya fahimci zancen. Yanayi ma yana taɓa kakin harsashi: zafi yana narkar da shi ya kwashi ƙura, sanyi yana daskarar da shi. Masu gasar biathlon, wadda ake haɗa gudun kan ƙanƙara da harbi, sun koma amfani da .22 tun 1978, kuma akwai harsasan da ake yi musu musamman da man da ke jure sanyi, irin Lapua Polar Biathlon. Su da hannu ma suke jan sakatarsu, don dokar gasar ba ta yarda da mai ɗora wa kanta ba.

Magazin

Bayan harsashi, magazin ne na biyu a laifi. A magazin mai jeri, leɓen harsashin sama dole ya zauna a gaban leɓen na ƙasa. Idan ya faɗa bayansa, sakata za ta zo turawa ta tarar an harɗe shi. Loda a hankali, ana tura kowane harsashi har baya, yana maganin wannan. Ruger 10/22 tana da magazin mai juyawa mai cin 10, wanda ke raba kowane harsashi da ɗan'uwansa, amma shi ma idan kaki ya taru a ciki yakan yi nauyin juyawa.

Gwajin mai sauƙi ne. A sa wa kowane magazin lamba da maka. Idan cijewar tana bin lamba 2 duk inda ya je, ka kama ɓarawo. A kuma fara gwaji da na asali wanda ya zo da bindigar, ba na wani kamfani mai arha ba. Labarin caja 'yar kasuwa ne. Wani abin kuma, kada a dafa magazin ko a jingina shi a kan tebur lokacin harbi, don yana sauya kusurwar da harsashi ke fita.

Karanta alamar da ta bari

Kowace cijewa tana barin shaida, kamar saƙon kuskure a allon kwamfuta. Kada a yi saurin zubar da abin da ya maƙale, a duba shi, a ɗauke shi hoto.

Idan sabon harsashi ya tsaya a karkace, kansa ya daki bakin mazauni har dalmar ta karce, a tuhumi magazin ko siffar kan harsashin. Idan ya shiga amma sakata ba ta rufe gaba ɗaya ba, mazaunin ne ya yi datti. Wannan yakan faru sosai idan an taɓa harba gajeren harsashi na .22 Short a ciki, don yana barin zoben toka daidai inda dogon kwanso zai wuce.

Idan fankon kwanso ya maƙale a tagar fita, rabi ciki rabi waje, yawanci sakata ce ba ta yi baya da ƙarfi ba: harsashi mai rauni, datti, ko wani abu na gogar ta. Ga wani dalili da ke ba mutane wahala a 10/22: sukurorin da ake ɗaura madubin saiti da su a saman bindigar. Idan sun yi tsawo sai su leƙo ciki su riƙa gogar sakata. In matsalar ta fara ne ranar da aka ɗaura madubi, a sassauta su a gwada. Alamar karce a saman sakata ita ce shaida. Haka kuma idan an harba, kwanso ya fita, amma aka tarar mazauni fanko, sakatar ta yi baya iya fitar da tsoho amma ba ta kai inda za ta kwaso sabo ba. Ciwo ɗaya ne.

Idan kwanson ya zauna daram a mazauni bai fito ba, a duba ƙugiyar da ke kama leɓensa, ko datti ya hana ta kamawa ko bakinta ya gutsure. A kuma duba bakin mazaunin. Jan kunama babu harsashi a ciki yana sa allurar wasu bindigogin .22 ta daki gefen mazauni ta tayar da ɗan ƙarfe, wanda zai riƙa riƙe kwanso. Wasu samfuran an yi musu abin da ke tare allurar, wasu babu, littafin kowace ya faɗa.

Na ƙarshe, an ja kunama ba ta tashi ba. Bayan jiran da muka ambata, a fitar da harsashin a dubi leɓensa. Idan tabon allura ya shiga sosai, laifin harsashi ne, sinadarin bai kai wannan gefen leɓen ba tun daga masana'anta. Idan tabon ɗan sama-sama ne, ko giris ya cika ramin da allura ke gudu, ko sakata ba ta rufe sosai ba har bugun ya ƙare a tura ta gaba.

Inda aikin mai ita ya tsaya

An wanke, an gwada harsashi mai kyau iri biyu, an gwada magazin na asali, an yi ɗaruruwan harbi, amma tana nan tana cijewa ta hanya guda? To yanzu ana iya zargin bindigar. Haka ma idan kwanso yana fitowa a kumbure ko a fashe, ko ta tashi sau biyu a ja ɗaya. Waɗannan biyun ba a ci gaba da gwaji a kansu, a ajiye ta nan take.

YouTube cike yake da masu cewa a goge nan da zarto, a yanke sifirin can. Ƙarfen da aka goge ba ya dawowa, taɓa sassan kunama yana iya sa bindiga ta tashi da kanta, kuma kamfani na iya ƙin karɓar wadda aka yi wa haka. A mayar da ita wurin dillali ko ƙwararren mai gyara mai lasisi, tare da magazin ɗin da ke ba da matsala, da 'yan kwansunan da suka maƙale, da hotunan, da rubutun nan na irin harsashi da adadin harbi.